Da Hausa Zan Yi Fim Ɗina Ko Da Turanci? Amsa Ga Wani Matashin Marubuci

Wani matashi da ya gama karatun aikin jarida a jami'a ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya rubuta labarin wata tsohuwa mai tuyar ƙosai da take riƙon jikokinta marayu, ya kuma tara ɗan abin da zai fara ɗaukar fim ɗin da shi, amma abokansa sun raba masa hankali biyu. Wasu sun ce ya yi da Turanci don ya shiga duniya, wai fim ɗin Hausa iyakarsa Arewa. Wasu kuma sun ce ko da Hausar ya yi babu wata al'ada da zai kare, tunda finafinan Hausa tun asali kwaikwayon Indiya ne. Abin da yake son sani shi ne, harshen da aka yi fim da shi yana da wani tasiri na gaske a kan al'adar mutane, ko kuwa magana ce ta 'yan boko kawai?

Ƙanena, ka yi shi da Hausa. Na shafe shekara ashirin da ɗoriya ina rubuta maganganun fim ina gyara na wasu, tun zamanin da ake kai kaset Ƙofar Wambai a jira 'yan kasuwa su yi masa kuɗi, har zuwa yau da ake ɗora fim mai dogon zango a YouTube duk mako. Ban taɓa ganin labarin tsakar gidan Bahaushe da ya ƙaru da wani abu don an juya shi zuwa Turanci ba. Sai dai akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi amsar nauyi: zuba kalmomin Hausa a bakin 'yan wasa ba ya wadatarwa. Akwai finafinai da yawa da aka yi da Hausa waɗanda ba Bahaushe a cikinsu. Zan zo kan wannan, amma bari mu fara sallamar masu cewa Turanci ne ƙofar duniya.

A shekarar 2019 Nijeriya ta aika fim ɗinta na farko zuwa gasar Oscar a rukunin finafinan ƙasashen waje, wato Lionheart na Genevieve Nnaji. Masu gasar suka cire shi, dalilinsu kuwa shi ne Turanci ya yi yawa a ciki, Ibon da aka yi bai wuce 'yan mintoci ba. Fim ɗin da ƙasar ta aika bayansa shi ne The Milkmaid, wanda aka ɗauka a jihar Taraba, kuma akasarinsa da Hausa ne. Na gasar 2025, Mai Martaba, shi ma da Hausa aka yi shi. Ba su kai zagayen ƙarshe ba, amma ka lura da abin da ya faru: harshen da abokanka suke cewa iyakarsa Arewa shi ne ya wakilci ƙasa har sau biyu. Fim ɗin da ya ci babbar kyautar Oscar a 2020 da harshen Koriya aka yi shi. Waƙar da ta ci kyauta a 2023 daga fim ɗin Telugu ta fito, harshen kudancin Indiya, ba ma Hindin da muka saba ji ba. Nan gida Yarabawa sun koma yin manyan finafinai da harshensu, da kayansu da tatsuniyoyinsu, kuma Netflix ta saye su a haka. Mai kallo a Brazil ko Jamus ba ya neman ya ji ka kana Turancin da bai kai nasa ba. Fassarar ƙasan allo ta ishe shi, in dai labarin ya kama shi.

Ita kuma maganar "iyakarsa Arewa", wanda ya faɗe ta bai yi tafiya ba. Ana kallon fim ɗin Hausa a Maraɗi da Damagaram da Agadas, a zangunan Kumasi da Akara, a Garwa da Ngaundere, a Njamena, a ƙauyukan Hausawan Sudan, da gidajen 'yan uwanmu mazauna Makka da Jidda. Na taɓa sauka a gidan wasu 'yan uwa a Kumasi. Hausarsu ta zango ba ta bambanta mace da namiji, kowa "ya zo" ne, "ya tafi" ne. Sai na ji wata yarinya 'yar shekara goma tana cewa "Inna ta fita", har tana gyara wa ƙanenta. Na tambayi uwarta wa ya koya mata. Ta nuna mini talabijin ɗin da ke kan kabad, ta ce daga nan ne. Yarinyar ba ta taɓa taka Kano ba, ba ta taɓa shiga ajin Hausa ba, amma ta san yadda ake gaida surukai da yadda ake yi wa mai jego barka. In ka yi fim ɗinka da Turanci, ka bar waɗannan miliyoyin ka je kana gasa da Legas a filin da suka fi ka iyawa. An gwada a Kano wajajen 2016, wasu masu kishi suka shirya finafinai da Turanci da 'yan wasanmu. Niyyar mai kyau ce, amma kasuwa ba ta juya ta bi su ba.

Wannan muhawara ta girme ka, ta girme ni. Sembene Ousmane na Senegal marubucin littattafai ne da Faransanci, ya duba ya ga mutanen da yake rubutu a kansu ba su iya karanta abin da ya rubuta, sai ya koma fim. A 1968 ya fitar da Mandabi da harshen Wolof, kuma ya kasance yana kallon silima a matsayin makarantar dare ta talakawa. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu a wannan fage. Oumarou Ganda da Zabarmanci ya yi finafinansa, kuma shi ne ya fara ɗaukar babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972.

Mu kuwa ta hanyar majigi muka fara sanin hoto mai motsi, motar gwamnati ta zo ƙofar fada da daddare, a kafa farin ƙyalle, a nuna yadda ake noman auduga ko tsabtace rijiya, wani yana bayani da lasifika. Silimar kuɗi ta zo Kano da gidan silimar Rex a 1937, amma jama'a suka daɗe suna ƙyamarta, musamman bayan gobarar silimar El-Duniya ta 1951 wadda ta ci rayuka fiye da ɗari uku. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, fim na silima da Hausa. Wannan fim ya ɓace wa idon jama'a shekaru masu yawa, sai da aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Ƙasa, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin Berlin a 2018. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya sosu, domin kasusuwan shekarun 1990 da muka taso da su, da yawa sun ruɓe a shaguna ba wanda ya ajiye uwar kwafinsu.

Amma waɗanda suka koya wa Bahaushe jin kansa a allo su ne 'yan wasan kwaikwayon talabijin, irin su Ƙasimu Yero da Samanja da Karkuzu, da ƙungiyoyin dirama na Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato. Daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ne Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset a 1990, shekara biyu kafin Living in Bondage, fim ɗin da ake cewa shi ya buɗe kasuwar Kudu. Shi ma ɗin da Ibo aka yi shi. Sunan Kannywood ya fito a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu a 1999, kafin a ji kalmar Nollywood a 2002. Ba gwamnati ce ta kafa wannan masana'anta ba, ba kuma bashin banki ba. Matasa ne da kyamarar ɗaukar biki, da matan aure a cikin gida waɗanda ba sa zuwa silima amma suna aiken yaro ya karɓo musu kaset haya. Su ne suka riƙe ta, domin a karon farko sun ga kishiya da uwar miji da auren dole ana maganarsu da bakin da suke yi.

To, yanzu ga sharaɗin da na ce.

Wata rana muna ɗaukar fim a wani gidan ƙasa a cikin birni, irin mai zaure biyu da rijiya a tsakar gida. Fitowar ta uwa ce da ɗanta na fari, ya dawo daga tafiya bayan shekara bakwai ba labari. Marubucin, yaro ne mai ƙoƙari, ya rubuta cewa uwar za ta taso da gudu ta kira sunansa, ta ce ta yi kewarsa, ta ce tana sonsa fiye da komai a duniya. Dattijuwar da za ta hau matsayin ta sa aka karanta mata, ta yi shiru, sannan ta dubi darakta ta ce, "Ɗan nan, ni dai ban taɓa ganin uwar da ta kama sunan ɗan farinta ba, balle ta ce masa wannan magana a gaban mutane. Ku bar ni in yi yadda na sani." Darakta ya ce a kunna kyamara. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince shinkafa a faifai. Yaron ya yi sallama ya durƙusa daga nesa. Ba ta ɗaga kai ba. Hannunta ne kawai ya tsaya a cikin shinkafar. Can ta amsa gaisuwar a taƙaice kamar jiya suka rabu, ta juya wajen ƙanwarsa ta ce, "Ke, ba kya ganin baƙo ne? Kawo masa ruwa." Sai ta miƙe ta shige ɗaki, ta sako labule. Mai ɗaukar hoto ya bar kyamarar a kan labulen nan yana motsi. Da aka ce a yanke, mai riƙe da makirfo yana share ido da hannun riga, ba wanda ya yi magana na ɗan lokaci.

Abin da marubucin ya rubuta Hausa ne, babu kuskuren nahawu ko ɗaya. Abin da dattijuwar ta yi shi ne al'ada. Kalmar "baƙo" da ta kira ɗanta da ita ta ɗauki fushin shekara bakwai da ƙauna da alkunya gaba ɗaya, kuma duk wanda aka haifa a cikin harshen nan ya ji su ba tare da an yi masa bayani ba. Ka juya wannan fitowa zuwa Turanci ka gani. Uwar za ta zama mai taurin zuciya kawai, sai ka ƙara mata magana don a fahimce ta, da ka ƙara kuwa ka kashe abin.

A nan ne harshe da al'ada suke haɗuwa, kuma a nan ne mafi yawan finafinanmu na yanzu suke zubewa. Ka saurari maganganun da ake sa wa jarumai: "Ina sonki da dukkan zuciyata." "Ki ba ni dama ta biyu." "Ka karya mini zuciya." "Ɗauki lokacinka." "Mene ne matsalarka?" "Zan dawo gare ka." Duk Turanci ne aka sa masa babbar riga. Marubucin da Turanci ya yi tunanin, ko kuma daga finafinan waje ya haddace yadda ake soyayya da faɗa, sannan ya fassara. Bahaushe in ya so mace ba haka yake faɗa ba, in ya yi fushi ba haka yake yi ba. Yana da habaici da gugar zana da shaguɓe, yana da hannunka mai sanda, yana da "Allah ya kyauta" da za a iya faɗa ta hanya biyar, kowace da ma'anarta. Matar aure tana da "Malam" da "Maigida" da "Baban su wane", kuma ranar da ta kira sunan mijinta kai tsaye kowa ya san an kai maƙura. Akwai wasan jika da kaka, inda yaro zai ce wa kakarsa matarsa ce ta tsufa zai sake ta. Akwai wasan taubasai, da na Barebari da Fulani, da na Kanawa da Zazzagawa, da na Gobirawa da Yarabawa. Wannan dukiya ce ta marubucin fim, kyauta, tana yawo a kowace unguwa, amma sai ka ga an bar ta an je ana aron na wasu.

Abin da ya fi damuna shi ne fim ba ya tsayawa a nuna yadda mutane ke magana, koya musu yake yi. Kamar yadda yarinyar Kumasi ta ɗauki "ta fita" daga allo, haka yaran Kano suke ɗaukar "ka karya mini zuciya". Gidajen da ake fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, irin su Algaita, sun zuba kalmomi da salon magana a bakin samari fiye da yadda kowane littafin makaranta ya taɓa yi. Saboda haka in ka tambaye ni ko harshen fim yana da tasiri a kan al'ada, sai in ce tasirin ya wuce adana abin da ake da shi. Marubucin fim yana cikin masu ƙera Hausar da jikokinmu za su yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Zancen kwaikwayon Indiya kuwa, ba zan musa maka abin da kowa ya gani da idonsa ba. Lebanawa masu gidajen silima sun fara kawo finafinan Indiya Arewa tun wajajen ƙarshen shekarun 1950, kuma mutanenmu suka rungume su, don sun ga auren dole da girmama iyaye da kunya tsakanin mace da namiji, abubuwan da ba su gani a finafinan Amurka ba. Har laƙabi aka sa wa 'yan wasansu, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Masu bege da bandiri ma sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya sun mayar da su yabon Annabi (SAW). Da bidiyo ya zo, musamman bayan fim ɗin Sangaya a 1999, waƙa da rawa da kiɗan fiyano suka zama abin da ɗan kasuwa yake fara tambaya kafin ya sayi fim. 'Yan fim da kansu suna da sunayen wannan aro: wankiya in an kwashe labarin ɗungurungum, ɗauraya in an ɗan canza shi, girgiza in an tsinto nan da can an haɗa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan.

Wankiya kasala ce, kuma ta ɓata mana suna. Amma daga wannan zuwa cewa fim ɗin Hausa ba shi da alaƙa da al'adar Hausawa akwai tazara mai nisa. Bahaushe ɗan kasuwa ne mai yawon duniya, aro ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Littafi da alƙalami da sabulu daga Larabci suka zo mana, tebur da mota daga Turanci, kuma ba wanda zai ce ba Hausa ba ne yau. Abubakar Imam ya tsinto labarai daga Gabas da Yamma ya zuba a Magana Jari Ce, amma ya dafa su da tukunyarmu har ba ka jin ƙanshin inda suka fito. Ma'aunin ke nan. Ba laifi a ga abu a waje a ɗauko, laifin a kawo shi ɗanye. Saurayi da budurwa suna zagaya bishiya a lambu da kaya kala biyar ɗanyen aro ne. Amma waƙa a cikin labari tamu ce tun fil azal, tatsuniyar da kakarka ta yi maka tana da waƙa a tsakiya, 'yan mata suna gaɗa a dandali, mata suna waƙar daka da ta niƙa da ta reno, amarya ana mata waƙar kai ta ɗaki. In tsohuwarka mai ƙosai za ta yi waƙa, ta yi irin wadda ake yi wa jika a baya, ba sai an kai ta sutudiyo ba.

Ka kuma shirya wa abu guda: wanda ya yi fim da harshen mutane, mutanen za su ɗauka da su yake, kuma za su yi masa hisabi. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tuhumi ɗan wasan Indiya don ya riƙe hannun mace, amma in ɗan Fagge ya yi, sai a yi huɗuba a kansa. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jiha. A 2007 aka sake dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka kama wasu aka ɗaure, da yawa suka kwashe kayan aikinsu zuwa Kaduna da Jos. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta so gina ƙauyen fim a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malamai da jama'a suka yi ca, aka janye. Na rayu cikin duk waɗannan, na ga mutanen kirki sun rasa jarinsu, na kuma ga inda mu 'yan fim muka jawo wa kanmu da sakaci. Abin da na fahimta shi ne wannan ja-in-ja ita kanta shaida ce ta abin da kake tambaya. Mutane ba sa faɗa a kan abin da bai shafe su ba. Ana rigima a kan fim ɗin Hausa ne don kowa ya san a can ake yanke yadda za a ga Bahaushe, yadda 'yarsa za ta sa kaya, da yadda ɗansa zai yi wa uba magana. Masu suka suna cewa fim ya nuna tarbiyya, mu muna cewa ba a gyara abin da aka ɓoye. Finafinai masu dogon zango da suka zo bayan kafa tashar Arewa24 a 2014, irin su Daɗin Kowa, da Labarina da Izzar So da suka fito a 2020, sun nuna ana iya riƙe miliyoyin masu kallo da labari da magana, ba sai da rawa ba. Daɗin Kowa ya taɓo almajiranci da shaye-shaye da gudun hijira da zaman Musulmi da Kirista a gari ɗaya, kuma iyaye suka zauna suka kalla tare da 'ya'yansu.

Akwai wata gaskiya da ba ma son faɗa, kuma tunda kai sabon shiga ne gara ka ji ta tun yanzu. Abin da muke kuka Turanci yana yi wa Hausa, Hausar fim tana yi wa wasu. Kusan kowa a fim Kananci yake yi. Basakkwace in ya fito yana cewa "mi kaka so", to an kawo shi ne don a yi dariya. Bafulatani mai sanda ne da ba ya gane gari, ɗan ƙauye wawa ne, wanda Hausarsa ta karye mai gadi ne. Yaron da ya taso a Gobir ko Dogon Dutsi yana kallon wannan, sai ya fara jin kunyar Hausar uwarsa. Alhali masana'antar ba ta Kanawa kaɗai ba ce, ba ma ta Hausawa kaɗai ba ce. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Finafinai ta Ƙasa a 2024, a Maiduguri aka haife shi, mahaifinsa ɗan Gombe ne, mahaifiyarsa 'yar Borno. Sunayen Hadiza Gabon da Fati Nijar sun faɗi inda suka fito. Nijeriya tana da harsuna fiye da ɗari biyar, kuma da yawa daga cikin na Arewa yaransu sun koma Hausa. Shi ya sa nake murna in na ga matasan Nupe ko Kanuri ko Fulani suna shirya fim da harshensu, ko na ji ana yi da Dagbani a Tamale, da Tamashek a Agadas. Hujjar da na ba ka ta yin fim da Hausa ita ce hujjarsu ta yin nasu da bakin iyayensu. In a labarinka akwai maƙwabciya Banufiya ko Babarbariya, ka bar ta ta yi wa 'yarta faɗa da harshenta, ka sa fassara a ƙasa, kada ka mayar da ita abin dariya.

Game da fim ɗinka kuwa, kafin ka kira kowane ɗan wasa, ka je ka zauna wurin mai ƙosai ta gaske. Ka nemi izininta, ka sayi ƙosan, ka zauna a benci tun asuba har ta kwashe kasko, kwana bakwai ko goma. Ka ji yadda take kiran yaran da aka aiko, yadda take ƙorafin tsadar wake da mai, yadda take ba da gyara, yadda take hana bashi ba tare da ta ce a'a ba. Ka lura da sunan da take kiran jikan da aka sa wa sunan mijinta ko na mahaifinta, domin ba za ta kama sunan ba. Ka rubuta abin da ka ji yadda ka ji shi. Kada ka rubuta labarin da Turanci sannan ka fassara, ko da ya fi maka sauƙi, domin ƙashin Turancin zai zauna a ciki ko ka canza fatar. In ka gama, ka karanta wa mahaifiyarka ko gwaggonka maganganun da baki. Duk inda ta yamutsa fuska ta ce "wa ke magana haka?", ka soke wurin.

Ka zaɓi gari ɗaya ka tsaya a kan Hausarsa. In tsohuwar 'yar Zariya ce, ta yi Zazzaganci, jikokin da suka shiga makarantar boko su riƙa tsarma Turanci kamar yadda yaran yanzu suke yi, ita kuma ta riƙa gyara musu ko ta yi kamar ba ta ji ba. Wannan bambancin bakin kaka da na jika shi kansa labari ne. Kada ka cika bakinta da karin magana don a ce ka iya Hausa, tsofaffi ba sa jero su kamar masu gasa, guda ɗaya a inda ta dace ta isa.

Kuɗin da ka tara, ka fifita sauti a kan kyamara. Mai kallo yana yafe hoton da ya ɗan dushe, ba ya yafe maganar da bai ji ba, kuma fim irin naka a kan magana ya tsaya. Ka samu makirfo mai kyau da wanda ya iya riƙe shi, ka guji ɗaukar fitowa kusa da janareta, ka ɗauki ƙarar unguwar daban: kiran sallar asuba, ƙosai yana soyuwa a mai, tsintsiya a tsakar gida, carar zakara. Fassarar ƙasan allo kuma kada ka ba wa wanda ya fi araha. Rubabben Turancin da ake sawa a ƙasan finafinanmu ya kore mana masu kallo na waje fiye da yadda Hausar ta taɓa yi. Ka nemi wanda ya ƙware a harsunan biyu, ku zauna tare layi bayan layi, kuma in da hali ka ƙara ta Faransanci saboda bukukuwan finafinai na ƙasashen da ke kewaye da mu. In ka gama, ka ajiye uwar kwafin a wuri biyu daban, ɗaya a hannunka ɗaya a wurin wanda ka amince da shi.

In ka rubuta fitowa goma na farko, ka turo mini in duba maka maganganun tsohuwar. Allah ya yi jagora, ya sa albarka a aikin.